Shanun Yero da Dokar Amurka

A wani shagon intanet na unguwar Rikkos, Yero ya kasa zaune ya kasa tsaye. Shanunsa sun cinye gonar wani, gobe shari'a. Ya dubi wata mata da ta riga shi zama kan kwamfuta.

"Madam, hanzarta mana. Shafin lauyan intanet za a karanta min."

"Ba ka da lauya ne?"

"Na sallame shi. Na intanet ya ce in gona ba shinge, makiyayi ba shi da laifi."

Hannunta ya tsaya cak.

"Malam, ni ke rubuta shafin nan. Ai dokar Amurka na kawo misali."

Yero ya cire hula, ya mayar.

"To, Allah ya haɗa mu. Gobe ki biyo ni kotu, ki gaya wa alƙali da bakinki."