Ranar da Aka Ɗauki Ɗakina a Kafaɗa

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Daga unguwar Nuzla ta birnin Jidda nake rubuto maka, bakina har kunne!

Da muka sauka Jidda da maiɗakina da yara, ba mu san kowa ba. Na ga wani fili fetal, na kafa ɗakin katako da kwano. Sai ga Baba Haruna, shugaban ƙungiyar taimakon baƙi ta unguwar. Ya ce, "Ɗana, hanyar ruwa ce wannan, shi ya sa kowa ya bar ta." Na ce, "Baba, ana ruwa kuwa a garin nan?" Ya yi dariya ya ce, "Halas, shi ke nan, Juma'a muna zuwa."

Ana saukowa daga masallaci mazan unguwa suka ɗaga ɗakin ɗungurungum a kafaɗa, mata na biye da tukwanenmu, har kan tudu.

Makon jiya aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Filin nan ya koma kogi, har ya tafi da amalanke. Yarana kuwa suna kan tudu suna kallo!

Don Allah a gaishe mini da Baba Haruna. Na tambaye shi da me zan saka musu, ya ce, "Da kafaɗarka, ranar da wani baƙon ya zo."