Sukarin Direba

A tashar mota, wata dattijuwa cikin fasinjoji ta tarar da direba a bayan mota yana huda yatsansa da allura.

"Direba, nawa ya nuna?"

"Mama, koma ki zauna, yanzu za mu tashi."

"Na san na'urar awon sukari. Nawa?"

"Ɗari uku da arba'in."

"A haka za ka ja mu awa biyar?"

"Rage murya, don Allah. Bara aka yi mini aikin rage ƙiba. Ƙibar ta tafi, sukarin ya ƙi sauka. Mai motar ya ɗauka na warke, shi ya sa ya mayar da ni aiki. Yara biyar nake ciyarwa."

"Kana gani dishi-dishi?"

"Wani lokacin. Ke likita ce?"

"Mijina ma direba ne a da. Shekara uku ina taya shi ɓoye nasa."

"Yanzu yana ina?"

"Yana gida, ya makance, sai an ja masa hannu. Kai za ka gaya wa mai motar, ko ni?"

Direban ya mayar da na'urar aljihu.

"Bari in nemo wanda zai kai ku."