Baba Ya Koma Tura Alhazai

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryar nan albarka. Ni mai sayar da turare ne a Aziziyya, nan Makka.

Mahaifina ya kamu da ciwon mantuwa, muka kai shi gidan kula da tsofaffi. To, ba ya barci. Da an sallame isha'i sai ya hau zagaye. Aka ce za a ƙara masa maganin barci, alhali wanda yake sha ma ya sa cokali na gagararsa.

Wata likita mai bincike kan barcin tsofaffi ta tsare ni da tambayoyi, me yake ci, yaushe yake kwanciya. Na ce, "Daktora, ni a shago sai na san mutum nake zaɓa masa turare. Kin tambayi sana'arsa kuwa?" Baba ya tsufa ne yana tura alhazai a keke wajen ɗawafi, kuma bayan isha'i yake fita saboda zafi.

Na lallaɓa ma'aikatan gidan aka ba shi keken marasa lafiya, wani tsoho ɗan Yaman ya hau. Sai ga Baba yana zagaya tsakar gida yana cewa, "Hanya, ya Hajji, hanya!" Sau bakwai cif, ya ajiye fasinja, ya kwanta har asuba. Daktora ta soke ƙarin maganin. Yanzu tsofaffi uku ke rigimar hawa.

Masu sauraro, wa ya san man shafawa mai kyau? Gwiwa ke damunsa yanzu, aiki ya yi yawa. Ina gaida 'yan layinmu na turare.