Baba, Bauchi Ce

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Saratu. Ku yi haƙuri da muryata, yau zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa.

A shekarar da soja suka ƙara yawan jihohi, muna zaune a Gwaram. Maigidana, Malam Ishaya, shi ke ba da magani a ƙaramin asibitin garin. A waje kowa yabonsa yake yi. A gida kuwa, in ya yi tari sai kaji su watse.

Ɗanmu na fari yana ajin ƙarshe na firamare. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, sai dai in ce "yaron nan". Allah ya ba shi kan labarin ƙasa. Ina tuƙa tuwo, yana zana mini koguna da tsinke a cikin toka. Aka zaɓe shi ya je gasa a Birnin Kudu, aka ce wanda ya ci za a ɗauke shi sakandare kai tsaye.

Daga ranar uban ya ɗauki tsumagiya. Ya kafa tsohuwar taswira a bango, yana tambaya, yana duka. Wata rana ya ce, "Wace jiha ce muke iyaka da ita?"

Yaron ya ce, "Bauchi, Baba. An faɗa a rediyo, an raba jihar Arewa maso Gabas."

"Rediyo ne zai yi maka gasar? Abin da ke littafi shi za su tambaya. Ka ce Arewa maso Gabas!"

Ya zane shi har sai da na gasa masa baya da ruwan ɗumi.

Ranar gasa muka je mu uku, da goyo a bayana. Zauren makaranta ya cika. Yaron nan ya yi ta kayar da yara, har saura shi da wani ɗan Birnin Kudu. Sai alƙalin gasa ya ce, "Kai ɗan Gwaram, ga ta ƙofar gidanku. Wace jiha ce kuke iyaka da ita?"

Na ga leɓensa ya haɗu zai ce Bauchi. Sai ya waiga ya dubi ubansa. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Arewa maso Gabas."

Zaure ya fashe da dariya. Alƙalin ya ce, "Ashe labari bai kai Gwaram ba tukuna?" Ɗayan yaron ya ce Bauchi, aka ɗaga shi sama.

A tasha Malam ya tura ni cikin mota, ya tare ƙofa. Ya dubi yaron ya ce, "Ka kunyata ni a gaban mutane. Tunda kai masanin ƙasa ne, nemi hanyar gida."

Na ce, "Malam, kai fa ka koya masa!" Na yunƙura zan sauka, ya murɗe mini hannu har ƙashi ya yi ƙara. Ya ce wa direba, "Ja mu je, ɗan'uwana zai taho da shi." Ƙarya ce, ba mu da kowa a Birnin Kudu. Mota ta tashi, ina hango yaron tsaye da farar rigarsa ta makaranta, ko kuka bai yi ba.

Bai dawo ba. Aka bincika garin Fagam, aka bincika garin Dingaya, shiru. Damina ta zo ta wuce.

Ni kuwa ciwo ya kama ni. Nono ya ƙafe, abinci ya ƙi shiga, na koma zama bakin titi ina leƙa kowace mota. Yara suka sa mini suna Mai Jiran Mota. Har a cikin majami'a wata ta ce mini, "Ki binciki kanki, Allah ba ya hukunci a banza." Malam yana zaune a kujerar dattawa yana rera waƙa. Na tsane shi, 'yan'uwa, na tsani har hannun da yake miƙo mini magani da shi.

Wata Laraba matan zumuntar majami'armu suka ɗauko ni daga bakin titi, suka durƙusar da ni. Matar fasto ta ce, "Saratu, kullum 'yaron nan' kike cewa. Faɗa wa Yesu sunansa." Bakina ya yi nauyi. Sai na ji wani abu ya ɓalle a ƙirjina, na kwarma ihu: "Bulus! Ya Yesu, Bulus ɗina! Kai ka shimfiɗa ƙasar nan, ba ka bukatar taswira. Nemo mini shi!" A ranar na ci tuwo na ƙoshi. Halleluya!

Lokacin girbi sai ga Alhaji Sule, wani direba ɗan Basirka, ya tsaya a ƙofar gidanmu. Ya ce, "Inna, fito ki ga kayanki. A tashar Bauchi na tsince shi yana dako." Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri.

Bulus ya fito daga motar, ya rame, wuyansa duk kanta. Na rungume shi ina kiran sunansa a gaban kowa, kunya ta kama gabanta.

Uban ya fito, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ashe ka san hanya."

Yaron ya durƙusa kamar yadda aka koya masa, ya ce, "Baba, Bauchi ce. Na je na gani da idona."

Bai sake shiga aji ba. Malam kuma har ya koma ga Ubangiji bai ce masa yi haƙuri ba. Amma Yesu ya dawo mini da ɗana da rai, ya dawo mini da hankalina, ya kuma cire mini ƙiyayyar da ta kusa kai ni kabari. Na gode masa!

'Yan'uwa, duk wanda ya ɓace muku, kada ku ji nauyin kama sunansa a gaban Yesu. Ku dogara gare shi. Bulus, tashi su gan ka. Amin.