Wadda Ake Aika wa Iyaye Mata

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, musamman ku ƙannena da kuka sa farin kayan aikin jinya bana.

Har yau in na ji warin maganin da ake wanke daɓen asibiti da shi, sai in ga kaina a ɗakin yara a Enugu, shekarar da aka sami 'yancin kai. Na fito daga makaranta da takarda mai kyau da zuciya cike da waƙoƙi. Ina zaton zan riƙa lallashin jarirai ne kamar mai ba furanni ruwa.

Ni kaɗai ce mai jin Hausa a ɗakin. Saboda haka duk ranar da ɗan wani mahauci ko mai fataucin shanu ya cika, sai a ce a kira sabuwar nas ta gaya wa uwar. Ba a kirana in yaro ya sha nono, ko zazzaɓi ya sauka. Sai mutuwa. Lokacin kyanda ne, wani mako sau huɗu.

Kafin wata uku, matan Hausawa na unguwar Asata sun san ni. In na bi layi da rana, sai su ja 'ya'yansu cikin gida.

Wata safiya na nufi gado na shida don in gwada zafin wani yaro, Sale, ɗan shekara biyu. Yana samun sauƙi, likita ma ya faɗa. Uwarsa Hajara ta ɗaga kai ta gan ni. Ta sure shi ta goya, tana ja da baya.

"Don Allah, baiwar Allah, kada ki faɗa. Bai mutu ba, ga shi yana numfashi."

Na bi ta har bakin ƙofa ina rantsuwa ba wannan ya kawo ni ba, ba ta waiwayo ba, ta tafi da shi gida. Bayan kwana biyu aka binne Sale.

Ba zan ɓoye muku ba, na lalace. Abinci ya ƙi shiga. Yin allura ma ya gagare ni. Na daina koyon sunayen yara, sai lambar gado. Na daina addu'a, don na ce Allah ya ba ni harshe ne kawai in yanka mutanena da shi. In na hango Malam Ɗanjuma, uban Sale, a rumfarsa ta nama, sai in sake hanya.

Ranar da na rubuta takardar barin aiki, Sista Nkechi, babbarmu, ta same ni a ɗakin ajiye zannuwa ina kuka. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ce ta yi kuskure, ba a ɗora wa sabuwar nas irin wannan ita kaɗai. Muka durƙusa tsakanin zannuwan. Abin da na iya cewa kawai: Yesu, ka karɓi bakina ko ka rufe shi.

Ya karɓa!

Mako bai cika ba aka sauya mini aiki. Duk Bahaushiyar da ta shigo, ni ke tarbarta, in tambayi sunan ɗanta, in fassara mata maganar likita kowace safiya. Yara ba su daina mutuwa ba. Amma uwa ta riga ta san muryata da wani labari kafin wannan. A hankali na dawo daidai. Yau ba na barin sabuwar nas ta je wurin uwa ita kaɗai.

Na gode wa Ubangiji. Ƙannena, ku dogara gare shi, yana da hanyoyin da ba ku zata ba.

Sai bayan shekara goma sha ɗaya, ina Jos, wasiƙar Sista Nkechi ta gaya mini wanda ya roƙi a sauya mini aikin. Malam Ɗanjuma ne. Ya je ofis da tafinta, ya ce matarsa ta yi kwana biyar a bakin gadon nan, ba wanda ya gaya mata da harshenta cewa ɗanta yana warkewa.