Injin Awon Jinin Mama Doreen

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Amin!

Sunana Bulus, direban bas ne ni, kuma duk wanda ya san ni ya san taurin kaina. Yau ina tsaye a gabanku da ƙafafuna biyu domin Allah ya haɗa ni da tsohuwar da ta fi ni taurin kai.

Mama Doreen ke nan, maƙwabciyarmu a unguwar Tottenham, bene ɗaya muke, gidanta na ƙasa da namu. Tun tana budurwa ta baro Jamaika ta zo aikin nas, har ta yi ritaya da jikoki cike da ɗaki. A garin nan da maƙwabci ba ya gaida maƙwabci, ita kowa ɗanta ne.

Likita ya ce ina da hawan jini, ya rubuta mini magani. Na sha na wata guda, sai na yi azumin kwana uku, na kwashe sauran na zuba a bola. Na ce wa matata Rifkatu, "Mai bangaskiya ba ya shan ƙwaya!" Ta yi kuka, na daka mata tsawa. Kai, jahilci bai yi ba! Ga ƙeya tana sara, ido yana hazo-hazo, ni kuwa ina tuƙa bas cike da 'ya'yan mutane.

Ashe Rifkatu ta kai ƙarata. Ran Asabar da safe sai ga Mama Doreen ta hawo bene da ƙyar, sanda a hannu ɗaya, injin awon jini a ɗayan.

Ta ce, "Zauna, ɗana. Miƙo hannu."

Na ce, "Mama, ai Yesu ya riga ya warkar da ni."

Ta ce, "Madalla. Bari mu gani, mu gode masa tare."

Ta auna, ta sake aunawa, fuskarta ta canja. Ta ce, "Na tsufa ina juya maza irinka a gadon asibiti, ɓarin jiki ya shanye, Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashi. Wa ya ba likita ilimi? Shaiɗan?"

Ta riƙe hannuna gam ta yi addu'a: "Ubangiji, ka karya girman kan yaron nan kafin ciwo ya karya shi." Ni da furfura a gemu, wai yaro! Na fashe da kuka, na tuba a wurin.

Da kanta ta raka ni asibiti, kuma ranar ba su bar ni na koma gida ba. Tun daga nan kowace Asabar ni ke sauka wurinta, ta auna ni, ta yi mini faɗan gishiri. Jinina ya sauka. Halleluya!

Watan jiya Ubangiji ya kira ta gida. A maƙabarta 'ya'yanta da jikokinta da kansu suka rufe kabarin, suna waƙoƙin yabo. Na karɓi shebur da hannun nan nawa da ya kusa shanyewa, ina zuba ƙasa ina hawaye.

Da muka gama, jikarta ta miƙo mini wata jaka, injin awon jinin nan a ciki. Ta ce, "Kaka ta ce a ba Bulus, shi ya san inda masu taurin kai suke."

Na gode wa Yesu! Ku dogara gare shi, ku kuma sha maganinku. Injin yana kan tebur a bakin ƙofa, in an tashi sujada ina nan zaune. Baba Dattijo, kar ka sulale, da kai zan fara.