Tiyon Birki da Ya Tsinke a Shingen 'Yan Sa-kai

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu, wanda saboda shi nake tsaye a gabanku yau. Sunana Bitrus. Da yawanku kun san ni da tsohuwar a-kori-kurar nan da nake ajiyewa bayan majami'a, wadda na gada wurin mahaifina. Matata Saratu takan ce motar ta girmi aurenmu, ta kuma fi ni taurin kai. Na ga wasunku suna kallon idona na hagu suna kawar da kai. Ku kalla, ba komai, labarinsa na zo bayarwa.

Sana'ata ɗaukar hatsi daga ƙauyukanmu na Malumfashi zuwa Funtua. Kun san halinmu in kaka ta ƙarato. Kowane mai a-kori-kura sai ya kai a ƙara wa sifirin ɗin baya falle biyu ko uku, don ta ɗauki buhunan da wanda ya ƙera ta bai taɓa mafarki ba. Ni ma bara na kai aka ƙara mini.

Ga abin da ba wanda ya lura da shi. Bututun birki na ƙarfe ne, yana bin jikin mota daga gaba har baya. Daga nan sai wani gajeren tiyo na roba ya sauko zuwa aksul, ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin baya. Aksul hawa da sauka yake yi, don haka dole tiyon ya kasance da sauran tsawo. Da aka ƙara sifirin, jikin motar ya ɗaga sama, tiyo kuwa yana nan yadda yake. Mu kuma ba ma gwada mota ba kaya, wa zai ɓata mai a banza? Muka loda mata masara har ta durƙusa, makanike ya leƙa ƙasa ya ga tiyo a sake, na taka birki ta tsaya cak. Kowa ya ce madalla.

Na sauke kayan a Funtua, na kama hanyar wani ƙauye wajen Danja don ɗauko wani lodi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Ranar kasuwarsu ce, kuma ba a daɗe ba ɓarayin daji suka shiga musu, suka kashe mutane, suka tafi da wasu. Saboda haka 'yan sa-kai suka gitta gungumen itace a bakin gari, daidai ƙarshen gangare, kowa sai ya tsaya an duba shi.

Motar ba komai a bayanta, gindinta a sama, tana ta tsalle kamar ɗan akuya. Na faɗa wani rami a kan gangaren, na ji wani abu ya yi tas a ƙasa. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa. Na sake takawa, babu. Irin waɗannan tsofaffin motocin, in wuri ɗaya ya fashe, man birkin duka ke tsiyayewa. Birkin hannu ya mutu tun mahaifina na da rai. Na nemi in mayar da giya ƙasa, ta yi ƙara ta ƙi shiga.

'Yan sa-kai suna ɗaga mini hannu, ni ina danna hon, motar tana ƙara gudu. Ku sa kanku a matsayinsu, me za ku ɗauka? Ɗaya ya saki bindiga, gilashin gaba ya tarwatse mini a fuska. Motar ta haye gungumen, ta kwashi wani mutum, ta ja shi a ƙasa, ta je ta daki katangar laka ta tsaya.

Ban ko buɗe ƙofa ba. Ta taga aka jawo ni. Wani ya ce, “Infoma ne, shi ke kai wa ɓarayin daji abinci!” Shi ke nan, kasuwa ta watse ta dawo kaina. Gora ta sauka a bayana, ta sauka a haƙarƙarina. Wani ya taka mini hannu har na ji yatsuna suna karyewa. Wani ya juya bindiga ya buga mini gindinta a ido, na ji abu mai ɗumi yana bin kumatuna, daga ranar idon nan bai sake ganin komai ba. Ina ta cewa birki ne, birki ne, amma bakina cike da jini, ni kaina ban ji abin da nake faɗa ba.

Akwai wata mata da ta zo da taɓarya, tana dukana tana kiran sunan mijinta. Daga baya na ji yana cikin waɗanda aka tafi da su daji. Har yau ban iya jin haushinta ba.

Sai suka sauko da safayar motata, tayar da na saya da kaina, suka rataya mini a wuya. Wani ya ruga wurin mai sayar da fetur a kwalba. Na ji sanyinsa a kaina, ya shiga cikin raunukan kamar barkono. Na ji ana tambaya wa ke da ashana.

'Yan'uwa, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Duk ayoyin da na haddace tun ina yaro suka gudu suka bar ni. Abin da ya rage mini kaɗan ne. Na ce a zuciyata, “Yesu, in yau ne, ka karɓe ni. Amma kada ka bari Saratu ta zo ta tarar da toka.”

Ban gama addu'ar ba sai aka ji ana buga ƙarfe daga ƙarƙashin motar. Mutumin da na kaɗe ne, sunansa Malam Haruna. Aksul ya danne masa ƙafa, jama'a kuwa sun shagala da kashe ni, sun manta da shi. Dutse ya samu yana dukan ƙarfe da shi, yana cewa, “Ku dakata. Man birki ne ke zubo mini a fuska. Ku zo ku gani.”

Wani dattijo, shugaban 'yan sa-kan, ya durƙusa ya leƙa. Ya ga tiyon a tsinke yana lilo. Ya shafa, ya sansana yatsunsa, ya miƙe ya ce a cire mini tayar. Wani saurayi ya ce, “Baba, dabara ce, a gama da shi.” Dattijon ya zo ya tsaya a kaina ya ce, “Ɗan'uwanku na mutuwa a ƙarƙashin mota kuna neman ashana? Ku ajiye sandunan nan ku ɗaga ta.” Suka ajiye, suka ɗaga. Mota ɗaya ta kai mu asibiti ni da Malam Haruna, jininmu ya haɗu a tabarma ɗaya. Ni na rasa ido, shi aka yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa.

Da na warke aka jawo motar, na tsaya a kan aikin da kaina. Muka sa tiyo mai tsawo. Muka ɗaga jikin motar da jak har tayoyin baya suka bar ƙasa, aksul ya sauka iyakar saukarsa, muka ga har yanzu tiyon a sake yake. Sabon bututu muka bi da shi ta bayan aksul inda dutse ba ya kaiwa, nesa da zafin salansa, muka ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe, ba tsinken roba ba. Direbobin da ke nan, in kun ƙara sifirin, ku gwada motarku ba kaya kafin ku hau titi.

Sannan na je gidan Malam Haruna. Na same shi zaune a zaure, sanda a gefensa. Muka gaisa, sai na ce, “Malam, ni na raba ka da ƙafarka. Da ka yi shiru, ba wanda zai ga laifinka. Me ya sa ka yi magana?”

Ya ce, “Malam Bitrus, na so in yi shiru, wallahi na so. Amma man nan yana ɗiga mini a fuska, ni kaɗai na san gaskiya. In na bari aka ƙone ka, da wace fuskar zan tsaya gaban Allah?”

Na gode wa Yesu, wanda ya ji addu'ar da ba ta fita daga bakina ba, ya amsa ta da bakin mutumin da ya fi kowa dalilin son mutuwata. Duk wanda yake cikin tsanani a nan, ya kira shi ko da kalma ɗaya ta rage masa, yana ji. In kun durƙusa yau, ku sa Malam Haruna cikin addu'a. Damina ta ƙarato, kuma manomi ne. Amin.